Gina sauna a bakin tafki: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da na taya wani maƙwabcina gina sauna a gidan hutunsa da ke gefen tafkin Saimaa a gabashin Finlan, 'yan'uwa suka hana ni sakat. Tambaya ɗaya, bakuna goma. Ga amsa nan wuri guda, kowa ya karanta kafin ya sake bugo mini waya.

Wai mece ce sauna?

Ɗakin katako ne mai murhu da tulin duwatsu a kai. A zafafa duwatsun, a watsa musu ruwa da ludayi, tururi ya tashi, ka zauna ka yi gumi. Surace ne dai, sai dai ba a lulluɓe ka da bargo, kuma ba sai zazzaɓi ya kama ka ba.

Zafin yakan kai nawa?

Digiri 70 zuwa 100 a ma'aunin Celsius. A'a, ba za ka dahu ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, ni ba likita ba ne.

Me ya sa sai a bakin ruwa?

Don ka fito jiƙe da gumi ka faɗa tafki. Da hunturu ma mutanen Finlan fasa ƙanƙara suke yi su shiga. Ƙasa ce mai tafkuna wajen 188,000, mutanenta wajen miliyan 5.6, saunoninta kusan miliyan 3, kuma a 2020 UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin gadon al'adun duniya.

Kowane katako zai yi?

Ba zai yi ba, malam. Itace mai ƙaro in ya ji zafi sai ya fara tsiyaya, ƙaron ya manne maka a baya. Bencin zama da itacen da mutanen Finlan suke kira haapa ko leppä ake yin sa, don ba su ɗaukar zafi. Kada ka shafa fenti, kuma kada ka bar kan ƙusa a waje inda za a zauna. Wanda ya taɓa zama a kai ba ya mantawa.

Tsayin benci fa?

Ba wanda ya tambaye ni wannan, ni na tambayi kaina, don nan ne kowa yake ɓata aiki. Zafi sama yake taruwa. Tsakanin bencin sama da rufi kada ya wuce mita 1.2, kuma ƙafafunka su zo daidai da saman duwatsun murhu ko su ɗara. In ka yi rufi mai tsawo kamar zauren sarki, kanka zai ƙone alhali ƙafarka na sanyi.

Taku nawa daga ruwa zan kafa harsashi, kuma sai na nemi izini?

To, a nan sai a yi haƙuri, amsar ba ɗaya ba ce. Sabuwar dokar gini ta fara aiki a farkon 2025, kuma a ƙarƙashinta sauna da ba ta kai murabba'in mita 30 ba ba ta bukatar izinin gini irin na da. Mutane suka ji wannan suka ruga sayen katako. Ku dakata. Bakin ruwa yana da nasa hukunci: idan babu tsarin gari da ya ware wurin don gini, yawanci sai ka nemi izini na musamman, idan kuma akwai, sauna ɗin za ta ci daga cikin adadin ginin da aka yarje wa filinka. Tazara kuwa kowace ƙaramar hukuma da tata, galibi tsakanin mita 10 da 20, saboda haka abin da aka bar wa abokinka a wani gari ba hujja ba ce gare ka.

Ko an ba ka dama, duba ƙasar da idonka. Ruwan Saimaa yana hawa yana sauka, inda ka gani busasshe bana yana iya zama cikin ruwa wata shekara. Ƙasa mai laka tana daskarewa da hunturu ta kumbura ta ɗaga gini, har ƙofa ta ƙi rufuwa. In ka samu fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ka dace.

Sannan ruwan wanka. In da bokiti kake ɗibowa, ɗan abin da ka zubar yana iya tsotsewa cikin ƙasa nesa da gaɓa. In ka ja famfo, sai ka yi masa matata. Ko ta wane hali ruwan sabulu ba ya gangarawa tafki kai tsaye. Ni dai da zan sake, ofishin kula da gine-gine na ƙaramar hukuma zan fara zuwa da taswirar fili a hannu, kafin in sayi ko ƙusa ɗaya.

Murhun itace ko na lantarki?

A gidan hutu, itace. A yi bututun hayaƙi na kirki, a bar ƙofar iska kusa da murhu.

Dole sai tsirara?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Yawanci maza daban suke shiga, mata daban. Kuma sauna ɗinki ce, ɗaura zanenki ki shiga.