"Masu buƙata ta musamman": ba sabon sunan gurgu da makaho ba ne

Kwana biyun nan duk tashar rediyon da ka murɗa a Jos sai ka ji wannan kalmar. An raba wa masu buƙata ta musamman kekuna, ɗan takara ya kai wa masu buƙata ta musamman shinkafa. Ni dai na lura tun da Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya a Janairun 2019 kalmar ta kama bakin 'yan jarida, kuma ban ƙi ba, ta fi "musakai" daɗin ji nesa ba kusa ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne an mayar da ita lafazin ladabi kawai, wato maimakon a ce gurgu ko kurma sai a lulluɓe da ita, shi ke nan an gama.

Ni fannin ilimi na musamman na karanta a Jami'ar Jos, shekara 4, kuma har yau in na faɗa sai a ce "au, malamin kurame ne kai?" To dan Allah a duba kalmar kanta. Musamman daga Larabci muka aro ta, duk wanda ya yi makarantar allo ya san "ajalin musamman", lokacin da aka ambata aka ƙayyade. Abin da aka kira da sunansa ke nan. Saboda haka ilimi na musamman shi ne ka zauna ka ce wannan yaron, shi wane, mene ne ya tsaya tsakaninsa da karatu, sannan ka tsara masa hanyarsa shi kaɗai. A wurin koyo ake auna buƙatar, ba da kallon ƙafa ko ido ba.

Lokacin da muka fita koyarwar gwaji an tura ni wata firamare a cikin garin nan, aji huɗu. Akwai wani yaro can bencin baya, lafiyarsa ƙalau, amma duk ajin "daƙiƙi" suke kiransa kuma kullum da bulalarsa. Wallahi yaron nan da yamma yana taya babansa sayar da tumatir a Farin Gada, canjin dubu biyar kafin ka zaro waya ya lissafa maka da ka. Amma ka rubuta masa "baba" sai ya kwafa "dada", ga mu kuma da b da d da ɓ da ɗ, huɗu ringis, shi duk abu ɗaya yake gani suna ta juya masa. Alamun abin da ake kira disleksiya ke nan. Na riƙa zuwa da yashi a faifai yana zana harafin da yatsa yana faɗin sautinsa, harafi ɗaya muke yi har ya zauna kafin mu taɓa ɗan'uwansa. Ranar da ya karanta "ɗaki" shi kaɗai sai da ya waiwaya ya ga ko 'yan ajin sun ji. Wannan yaron fa ba ɗan siyasar da zai taɓa sa shi a layin rabon kaya, alhali shi ne ainihin wanda kalmar take nufi.

A ajin dai akwai yarinyar da shan inna ya taɓa wa ƙafa, ita ke zuwa ta ɗaya. Ita ba ta buƙatar a sauya mata darasi ko kaɗan, matattakala ce da ban-ɗaki matsalarta, kuma dokar nan ta 2019 shekara 5 ta ba gine-ginen jama'a su gyara hanyar shiga. Har yara masu kaifin basira fiye da sa'o'insu suna cikin wannan fanni, don su aka yi makarantar gwamnatin tarayya ta Suleja, amma ka taɓa jin an kira su da wannan sunan a rediyo?

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa ai aikin tausayi ne, kowa mai haƙuri zai iya. Tausayi ba zai koya maka ɗigo shida na rubutun makafi ba, ko maganar hannu, ko yadda za ka gane yaron da kunnensa ɗaya ba ya ji daga wanda hankalinsa ne ba ya zama wuri ɗaya. Bayan digirin ma sai ka zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, kafin ka riƙe lasisin koyarwa. Kuma mu a Filato ba baƙon abu ba ne, tun 1953 makarantar makafi ta Gindiri take koyarwa. Ƙannenmu masu cike JAMB da ke tambayata ko kwas ɗin na waɗanda suka rasa gurbi ne, a'a, ni shi na zaɓa da hannuna tun farko.