Ƙera Makamin Mutum-mutumi a Manhajar Zane Mai Fuska Uku

Ƙera makamin mutum-mutumi wani reshe ne na aikin zanen kwamfuta mai fuska uku, wato zanen da ke da tsawo da faɗi da kauri, wanda ake iya juya shi a allo a kalle shi ta kowane ɓangare. Abin da ake ƙerawa shi ne makamin da injin mai siffar mutum zai riƙe, ko kuma wanda aka haɗe da damtsensa ko kafaɗarsa, domin fina-finan ƙagaggen labarin kimiyya da wasannin kwamfuta. Masu sana'ar suna sanya shi a rukunin abubuwa masu tauri, irin su mota da jirgi da inji, waɗanda hanyar ƙera su ta bambanta da ta jikin mutum ko dabba.

Kalmar robot, wato mutum-mutumi a Turanci, ta bazu ne daga wasan kwaikwayon R.U.R. na marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, wanda aka buga a 1920, amma siffar katafaren inji mai ɗauke da bindigar haske da takobin haske ta fi samun gindin zama a zane mai motsi na Japan, musamman bayan fitowar shirin talabijin mai suna Gundam a 1979. Ta fuskar kwamfuta kuwa, tushen aikin yana komawa ga Sketchpad, manhajar da Ivan Sutherland ya rubuta a 1963 a Amurka. A yau an fi amfani da Maya da 3ds Max na kamfanin Autodesk, da ZBrush, da kuma Blender, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya kafa, aka kuma sake ta kyauta a 2002 bayan jama'a sun tara Yuro 100,000 sun fanshi rubutun umarnin da aka gina ta da shi. Wannan rashin kuɗin lasisi shi ya sa Blender ta zama ƙofar shiga ga mai koyo a wuri irin Sakkwato.

Kowace siffa a cikin manhajar an gina ta ne da abu uku: ɗigo, da layin da ke haɗa ɗigo biyu, da fuskar da layuka suka kewaye. Mai ƙira yakan fara da akwati da silinda kawai, ya jera su domin ya ga girman bututun da mariƙin da ma'ajiyar wuta, kuma tun a wannan mataki yake ajiye hannun mutum-mutumin kusa da makamin, don mariƙin da bai dace da yatsun mai riƙe shi ba ya ɓata aikin tun daga tushe. Ana gwada siffar ta hanyar mayar da ita baƙa ƙirin kamar inuwa. Idan ba a gane ta a haka ba, ƙarin ado ba zai cece ta ba. Da yake yawancin makamai gefensu na dama daidai yake da na hagu, rabi ake ƙerawa, sai umarnin madubi ya fitar da ɗaya rabin.

Wahalar aikin tana gefuna ne. Kwamfuta tana fitar da kusurwa mai kaifin da babu irinsa a duniya, alhali duk wanda ya ɗauki gatari ko fartanya a Maƙerar Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, ya juya ta a rana zai ga wani siririn haske yana bin gefen ƙarfen, domin guduma da zarto sun ɗan dakushe shi. Wannan siririn hasken ne ke shaida wa ido cewa abu ƙarfe ne mai nauyi, saboda haka mai ƙira yakan fere kowace kusurwa kaɗan. Akwai kuma hanyar da Edwin Catmull da Jim Clark suka wallafa a 1978, wadda ke raba kowace fuska mai kusurwa huɗu zuwa ƙanana huɗu tana sulɓe siffar. Hanyar tana narkar da gefuna kamar sabulun da ya kwana a ruwa, sai an kafa ƙarin layuka dab da kowane gefe su riƙe shi. Ramukan iska da gurbin ƙusoshi kuwa ana huda su ne da yankan Boole, mai ɗauke da sunan masanin lissafi George Boole, inda ake cire wata siffa daga cikin wata. Yana da sauri, amma yakan bar fuskoki masu kusurwa barkatai waɗanda ke karkatar da haske, dole a bi su a gyara da hannu.

Ƙananan tarkacen da ake mannawa, irin su wayoyi da bututai da noti, gado ne daga masu ƙera jiragen fim ɗin Star Wars na 1977, waɗanda suka riƙa ɓalle sassan tankokin yaƙi da jiragen roba na wasa suna liƙa su a jikin samfuransu. Amfaninsu shi ne nuna girma, sai dai masu koyo sukan cika su har makamin ya koma kamar rumfar ɗan gwangwan. Ƙwararre yakan tara adon a mahaɗai, ya bar sauran jikin fili, kuma kowace waya sai ta fito daga wani wuri ta shiga wani.

Kafin a shafa launi sai an feɗe siffar an shimfiɗa ta a kan fili mai fuska biyu, abin da ake kira taswirar UV. Aikin ya yi kama da yadda ake feɗe jar akuyar Sakkwato a baje fatarta kafin jima: inda aka tsaga nan tabo yake, don haka ake ɓoye tsagar a ƙarƙashin makamin. Idan na wasan kwamfuta ne, samfuri biyu ake yi, mai fuskoki miliyoyi da mai dubbai kaɗan, sannan a kwashe bayanin tudu da kwarin na farkon a zuba shi a hoton da za a lulluɓa wa na biyun, ido ya ga ƙusoshin da babu su. A manhaja irin Substance Painter, wadda Adobe ta saya a 2019, ake ƙayyade ko wuri ƙarfe ne da kuma kaushinsa, a goge fenti a inda hannu ke yawan taɓawa, a ƙona bakin bututu da shuɗi-shuɗin da ake gani a salansar babur.

Sassan da za su motsa ana barin su a rarrabe, kowanne da cibiyar juyawarsa a daidai mahaɗinsa, kafin a fitar da fayil ɗin a tsarin FBX ko glTF zuwa manhajojin haɗa wasannin kwamfuta irin su Unity ko Unreal. Idan hoto ake so, sai a wanke shi da Cycles, injin fitar da hoto na cikin Blender, wanda ke bin sawun haske ɗaya bayan ɗaya, ko Eevee mai sauri da ya zo da Blender 2.80 a 2019. Wankin yana dafa kwamfuta ƙwarai, kuma a Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 sannan ƙurar hunturu ke toshe fankar na'ura, ya fi dacewa a bar shi sai dare, a riƙa adana aikin a kai a kai saboda ɗaukewar wuta.