Font, aikon, jigo da samfuri: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Shekara da shekaru ina taya mutane gyaran takardu da saitin kwamfuta, kuma tambayoyin nan su ne dai kullum. Na tara su wuri guda. Duk wanda ya sake kawo mini ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Na sauko da wani fayil mai ɗauke da dubban font kyauta, sunansa ya ƙare da .exe. In buɗe?

A'a. Goge shi. Da wannan na fara domin shi ne wanda ke jawo asara. Fayil ɗin font, wato salon zanen haruffa, yana ƙarewa da .ttf ko .otf, wani lokaci a dunƙule cikin zip. Abin da ya ƙare da .exe manhaja ce da za ta yi aiki a cikin kwamfutarka, kuma ba ka san wanda ya rubuta ta ba. Me ma za ka yi da dubban font? Jerin zai yi tsawon da neman guda ɗaya zai zama aiki. Je Google Fonts, ka ɗauki biyu ko uku da kake bukata.

To yaya ake saka font?

A Windows, danna fayil ɗin sau biyu, ka danna Install. A Mac ma danna shi sau biyu, Font Book zai karɓa. A Linux, jefa shi cikin folda ~/.local/share/fonts. In a zip yake, fara warware shi.

Na saka, amma bai fito a Word ba.

Rufe Word gaba ɗaya ka sake buɗewa. In har yanzu babu, duba sunan da ke saman tagar da ta buɗe lokacin da ka danna fayil ɗin, domin sunan fayil daban, sunan font daban. Sannan tun daga fitowar Windows 10 ta ƙarshen 2018, Install yana saka font don asusunka kaɗai, kuma wasu tsofaffin manhajoji ba sa duba wurin. Danna dama a kan fayil ɗin ka zaɓi Install for all users.

Na mayar da Word baƙi. Takardata za ta fito baƙa a firinta?

Ba za ta fito baƙa ba, kwantar da hankalinka. Jigon da ka zaɓa a File, Account, Office Theme, wato launin fuskar Word, na idonka ne kawai. Takardar fara ce, wanda ka aika wa ma fara zai gani, sai dai in shi ma ya baƙanta tasa fuskar. Abin da ke bin takarda shi ne launin da ka sa ta Design, Page Color. Kada ka haɗa su.

Na tsara takarda tsaf, da aka buɗe a wata kwamfuta sai shafuka suka wargaje, ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwatuna. Me ya faru, kuma mene ne maganin?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ba ta da amsa guda. Ya danganta da abin da za a yi da takardar da kuma yadda aka buga ta tun farko.

Fara da fahimtar wannan: fayil ɗin Word, a yadda aka saba ajiye shi, ba ya ɗauke da font ɗinka. Sunansa kawai yake ɗauke da shi. In ɗaya kwamfutar tana da font mai wannan suna, lafiya lau. In ba ta da shi, sai ta sa wani a madadinsa ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Haruffan sabon ba su da faɗi ɗaya da na tsohon, sai layi ya ƙaru da kalma, sakin layi ya ƙaru da layi, tebur ya tsallake zuwa shafi na gaba, wurin sa hannu ya koma shi kaɗai a shafin ƙarshe. Ba wanda ya taɓa maka aiki. Abin ya ƙara yawa tun da Microsoft ta sanar a 2023 cewa Aptos zai maye gurbin Calibri a matsayin font ɗin da sabuwar takarda ke farawa da shi, kamar yadda Calibri ya maye gurbin Times New Roman a Office 2007. Mai sabon Office yana bugawa da Aptos bai ma lura ba, mai Office 2016 kuma ba shi da shi.

In takardar karantawa ko bugawa a firinta kawai za a yi, mayar da ita PDF. Galibi PDF yana tafiya da haruffansa a ciki. Na ce galibi, don haka buɗe shi a Adobe Reader, ka shiga File, Properties, Fonts, ka tabbatar kowane suna yana da Embedded a gefensa.

In kuwa wanda za ka aika wa zai yi gyara, to akwai hanyoyi biyu, kowacce da nata cikas. Ta farko ita ce cusa font a cikin fayil: a Word, File, Options, Save, sai ka yi alama a Embed fonts in the file. LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta, shi ma yana da irinsa a File, Properties, Font. Fayil zai yi nauyi. Wasu font ɗin lasisinsu ya hana a cusa su, kuma Word zai bi wannan hani. Sannan ba kowace manhaja ke amfani da abin da aka cusa ba. Akwai zaɓin cusa haruffan da aka yi amfani da su kaɗai, yana rage nauyi, amma in mai gyara ya buga harafin da babu shi a takardar, zai iya samun matsala. Hanya ta biyu, wadda na fi yarda da ita, ita ce ku yi amfani da font da ku biyun kuke da shi. In ɗayanku LibreOffice yake amfani da shi, sani cewa Liberation Sans an yi shi da faɗin Arial daidai, Liberation Serif da na Times New Roman, Carlito da na Calibri, Caladea da na Cambria. Siffar haruffa za ta ɗan bambanta, amma yawanci layuka za su tsaya inda suke.

Maganar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kuwa cuta biyu ce daban, kuma mutane suna ba ɗaya maganin ɗaya. In akwati kake gani, ko harafin ya fito da siffa daban da 'yan'uwansa kamar baƙo, rubutunka lafiya yake. Font ɗin ne ba a zana masa harafin ba. Sauya zuwa Noto Sans, Charis SIL, Andika ko DejaVu Sans, duk kyauta ne kuma suna da su. Kafin ka amince da kowane font na ado, buga ƙ ɗ ɓ ƴ da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ Ƴ, ka gwada su da kauri da kuma karkace, domin wani yana da su a fitowa ɗaya amma babu a ɗayar.

Amma in ka ga "qasa" a wurin ƙasa, "xaya" a wurin ɗaya, "vera" a wurin ɓera, to an buga takardar da irin tsofaffin font ɗin da aka sauya wa zane, aka ɗora hoton ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. Sun yi amfani a zamaninsu, ban raina su ba. Sai dai a cikin fayil ɗin q ce a rubuce, kuma duk inda font ɗin bai je ba asiri zai tonu: a imel, a intanet, a waya, a wurin bincike. Cusa font ɗin rufa-rufa ce kawai. Maganin gaske shi ne Find and Replace, ka mayar da q ta zama ƙ, x ta zama ɗ, v ta zama ɓ, tare da yin alama a Match case, ƙanana daban, manya daban. A Word, buga 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ, 01B4 na ƴ. Yi hattara in akwai kalmomin Turanci ko sunaye a takardar, domin Replace All ba ya tambaya, zai mayar da kowace v ta zama ɓ. Ajiye kwafi kafin ka fara. Don Allah ajiye kwafi.

Yaya zan sauya aikon ɗin folda, wato ƙaramin hotonta?

Danna dama, Properties, Customize, Change Icon. Na gajeriyar hanya kuma Properties, Shortcut, Change Icon.

Na sauya sunan hotona daga .png zuwa .ico, ya ƙi.

Dole ya ƙi. Suna ka sauya, cikin fayil ɗin yana nan yadda yake. Fayil ɗin .ico yakan ƙunshi hoto guda a girma daban-daban, kamar 16, 32, 48 da 256. Buɗe hoton a GIMP, manhajar gyaran hoto, ka fitar da shi a matsayin .ico, kuma ya kasance tsawonsa da faɗinsa ɗaya. Ajiye shi inda ba za ka motsa shi ba, in ka goge shi aikon ɗin ya tafi.

Kullum in na buɗe sabuwar takarda sai na sake zaɓen font da girmansa.

Wahalar banza kake sha. Danna Ctrl da D, zaɓi abin da kake so, danna Set As Default, ka zaɓi duk takardun da ke kan samfurin Normal. Word zai ajiye shi a fayil mai suna Normal.dotm, wanda daga gare shi kowace sabuwar takarda ke fitowa. In wata rana sababbin takardu suka fara zuwa da wani tsari da ba ka gane ba, kada ka cire Office. Rufe Word, nemo Normal.dotm a %APPDATA%\Microsoft\Templates, ka sauya masa suna. Word zai ƙirƙiri sabo da kansa, tsohon kuma yana nan in ka bukaci wani abu a ciki.

Akwai wata manhaja da ke faci a fayilolin Windows don a saka jigogi na musamman.

Na san ta, kuma ba na ba da shawara. Tana taɓa fayilolin tsarin kwamfuta, sabuntawa ɗaya na iya barinka da baƙar fuska ba abin da ke buɗewa. Settings, Personalization ya ishe ka.

Ina buɗe tsohuwar wasiƙa in goge abin da ke ciki in rubuta sabuwa. Ba samfuri ke nan ba?

Ba shi ba ne, kuma ka daina. Ta haka ake aika wa mutum wasiƙa da sunan wani a sama, ko kwanan watan bara, ko a danna Save a binne tsohuwar har abada. Tsara takarda ɗaya mai tsabta, ka sa kanun labari da Heading 1 da Heading 2 maimakon ƙara musu girma da hannu, sannan Save As ka zaɓi .dotx. A PowerPoint .potx ne, a Excel .xltx, a LibreOffice Writer .ott. Daga nan duk lokacin da ka danna shi sau biyu, sabuwar takarda ce marar suna za ta buɗe, asalin kuma ba abin da zai taɓa shi.