Don Allah ku daina kashe fulawarku da ruwa

Tun da hunturu ya shigo, da wuya mako ya wuce ba a turo min hoto a WhatsApp ba: "Malam, ganyen fulawata yana ƙonewa, wane magani zan fesa?" Ni malamin gona ne, aikina ya fi yawa a masara da tumatir, amma in an kira ni ina zuwa. Daga Malali har Barnawa a nan Kaduna, abin da nake tararwa kusan ɗaya ne. Ruwa ya yi yawa.

Makon jiya wata Hajiya a Unguwar Rimi ta fito min da anturiyam, fulawar nan mai jan fure mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Ganyen ƙasa sun yi ruwan ɗorawa, gefensu ya koma ruwan ƙasa ya yi laushi. Na ɗaga tukunyar, nauyi kamar an zuba siminti, gindinta kuwa babu huda ko ɗaya. Da na zaro shukar sai wari ya bugi hancina. Saiwoyin da ya kamata su kasance farare masu ƙwari sun yi baƙi, suna tsinkewa a yatsa kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Na ce, "Hajiya, sau nawa ake ba ta ruwa?" Ta ce safe da yamma, kuma da ta ga ganyen na bushewa sai ta sa aka ƙara da na rana.

Haba jama'a! Fulawar ɗaki ba shinkafar fadama ba ce. Asalin wannan shuka dazuzzukan Kudancin Amurka ne, irin su Kolombiya, inda da yawa daga danginta ke maƙale a jikin bishiyoyi, saiwarsu na shan iska. Kun kawo ta kun dasa a laka, kun toshe gindin tukunya, kuna ta kwarara ruwa. Saiwa ta ruɓe, ta kasa jan ruwan, ganye ya bushe, ku kuma ku ce ƙishi ne ku ƙara. Na san ƙauna ce ta sa, wallahi na sani. Wanda bai damu da shuka ba ai ba zai tuna da ita sau uku a yini ba. Amma ku sassauta hannu.

Gaskiya ne hunturun Kaduna da kansa yana ƙona bakin ganye, haka iskar eyasi, wato na'urar sanyaya ɗaki, haka takin zamani in an cika shi. Sai dai wannan ƙunar a tsinin ganye take, busasshiya ce, tana marmashewa in an taɓa. Ita ma maganinta ba ambaliya ba ne. A janye tukunyar daga taga mai iska da rana mai zafi, a goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Kafin ku ɗauki buta, ku cusa yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu. In da danshi, ku ajiye butar. In ta bushe, ku zuba sosai har ya fito ta ƙasa. A huda gindin tukunya. A gauraya ƙasar da yashi mai tsakuwa da ɓarbashin gawayi. Saiwar da ta ruɓe a yanke ta da almakashi mai tsabta, a sake ƙasa. Ganyen da ya riga ya ƙone ba zai koma kore ba, a cire shi. Ruwan wanke-wanke mai sabulu kuma kada ya kusanci tukunya.

Sannan farantin nan da kuke sawa a ƙarƙashi, ku riƙa zubar da ruwan da ya taru a ciki. A gidan Hajiyar da na ɗaga nata, 'ya'yan sauro ne ke ta wutsil-wutsil a ciki, a falon da jikokinta ke kwana.