Waiwaye: Birnin Ƙudus a Idon Kyamarar Isra'ila da ta Falasɗinu

A shekarar 2002, ana tsakiyar Intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa kan mamayar Isra'ila, finafinan Falasɗinawa uku suka fito kusan a jere. Kowanne da daraktansa, amma matsala ɗaya ce ta sha kan jarumansu duka: hanyar shiga Birnin Ƙudus. A fim ɗin Rashid Masharawi mai suna Tazkira ila al-Quds, wani mai majigi ne da ke yawo da tsohuwar na'urarsa yana haska wa yaran sansanonin gudun hijira fim, ya ci alwashin sai ya haska a tsakar wani gida na tsohon birni da 'yan kama-wuri-zauna suka mamaye, alhali ba shi da takardar izinin shiga garin. A na Hany Abu-Assad, Al-Quds fi Yaumin Akhar, wata budurwa ce mai suna Rana mahaifinta ya ba ta wa'adi zuwa ƙarfe huɗu na yamma, ko ta yi aure ko ta bi shi Masar. Ta wuni tana faɗi-tashin neman saurayinta tsakanin Ƙudus da Ramallah, daga bisani a bakin shingen bincike aka ɗaura auren.

Na ukun, Yadun Ilahiyya na Elia Suleiman, shi ya fi yin suna, don ya samu kyautar alƙalai a bikin finafinai na Kan a Faransa. Saurayi yana Ƙudus, budurwa tana Ramallah, ba su da mahaɗa sai wani filin ajiye motoci kusa da shingen Al-Ram. Sukan zauna cikin mota, babu mai cewa uffan, hannu cikin hannu, suna kallon sojoji na wulaƙanta direbobi. Wata rana saurayin ya hura jar balan-balan mai fuskar Yasser Arafat ya sake ta. Sojoji suka ruɗe, a harbe ta ne ko a nemi umarni daga sama, ita kuwa ta haye shingen abinta, ta bi ta saman birnin har ta kai Ƙubbatus Sahra.

Idan aka jera waɗannan kusa da finafinan Isra'ila da aka yi a birnin, bambancin a fili yake. Kyamarar Isra'ila tana cikin gari, har ta kai ga shiga ɗakunan barci. Ta Falasɗinu galibi tana kan hanya, tana jiran soja ya miƙo katin shaida. Yadda aka kai ga haka labari ne da ya haura shekara ɗari.

Baƙi ne suka fara ɗaukar birnin. A 1897, zamanin Daular Usmaniyya, Alexandre Promio, ma'aikacin 'yan'uwan nan Lumière na Faransa, ya kafa kyamara a bayan jirgin ƙasa yana barin tashar Ƙudus, mutane a bakin dogo suna ɗaga huluna. A Disambar 1917 aka ɗauki Janar Allenby na Birtaniya yana shiga ta Ƙofar Yafa da ƙafa. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne finafinan farko na masu fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, a shekarun 1930, ba su damu da Ƙudus sosai ba. Ƙungiyoyin tara kuɗi ne ke ɗaukar nauyin da yawansu, kuma abin da suke so masu ba da gudummawa a Turai da Amurka su gani shi ne matashi majiyin ƙarfi yana haƙa rijiya, da gonakin haɗin gwiwa, da sabon birnin Tel Abib. Ƙudus ta tsofaffi masu gemu da ke addu'a a jikin katanga tana tuna musu rayuwar da suke neman bari.

A ɓangaren Larabawa, masu tarihi suna fara lissafi ne daga 1935, lokacin da Ibrahim Hassan Sirhan ya bi Yarima Sa'ud na Saudiyya da kyamara a ziyararsa ta Ƙudus da Yafa, ya haɗa fim na kimanin minti 20. Fim ɗin bai tsira daga yaƙin 1948 ba. Shi kansa Sirhan a sansanin Shatila na Lebanon aka same shi bayan shekaru, yana aikin gyaran famfo.

Yaƙin 1948 ya raba birnin biyu: yamma a hannun Isra'ila, gabas da tsohon birni a hannun Jodan. Nan ne Ƙudus ta shiga finafinan Isra'ila gadan-gadan, a matsayin abin da aka rasa. Hill 24 Doesn't Answer na 1955, wanda Baturen Ingila Thorold Dickinson ya ba da umarni, ya nuna faɗuwar Unguwar Yahudawa ta tsohon birni a hannun rundunar Jodan, da yadda mazaunanta suka fita. Balarabe a irin waɗannan finafinai taro ne da ke harbi daga nesa, ba suna, ba gida. Daraktan Isra'ila David Perlov ya fi su natsuwa. A gajeren fim ɗinsa na 1963 ya ɗauki almajirai da masassaƙan dutse da yara, da mutane suna leƙen ɗaya rabin birnin ta kafar katanga. Can a tsakiyar shekarun 1970 Dan Wolman ya mayar da littafin Amos Oz, My Michael, zuwa fim, inda wata matar aure a Ƙudus ta yamma ke yawan mafarkin wasu tagwaye Larabawa da ta yi wasan ƙuruciya da su. Ko a can, a mafarkin Bayahudiya Balaraben yake zaune.

Sai Yunin 1967. Isra'ila ta kama gabashin birnin, kuma cikin 'yan kwanaki aka rushe Unguwar Magariba, gidaje kimanin 135, aka share filin da ke gaban Katangar Yamma, inda Yahudawa ke addu'a. Duk fim ko rahoton talbijin da ya nuna wannan makeken fili cike da masu ibada, wurin da unguwar take yake nunawa, ko da bai faɗa ba.

A nan akwai wani zare da ya taɓo mu. Dab da ɗaya daga ƙofofin Masallacin Al-Aƙsa akwai ƙaramar unguwar 'yan Afirka, zuriyar mahajjatan da suka fito daga Chadi da Najeriya da Senegal da Sudan, cikinsu har da Hausawa da Barebari da Fulani, suka zauna. 'Yar wannan al'umma ce Fatima Barnawi, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne. A Oktoban 1967 ta ajiye bam a gidan sinimar Zion da ke yammacin birnin. Bam ɗin bai tashi a cikin jama'a ba, aka kama ta, ta yi shekara 10 a kurkuku, ta rasu a 2022. Labari ne da ke da komai na fim, amma unguwar tata da wuya ka gan ta a manyan finafinan kowane ɓangare.

Sinimar Falasɗinu ta zamani a gudun hijira aka haife ta. A 1968 Mustafa Abu Ali da Hani Jawhariyya da Sulafa Jadallah suka kafa sashen fim na gwagwarmaya a Amman, daga baya ya koma Beirut. Sansanoni da mayaƙa suke ɗauka, Ƙudus kuwa sai a hoton bango da waƙa. An kashe Jawhariyya a Lebanon a 1976 yana riƙe da kyamara, kuma ma'ajiyar finafinan ta ɓace bayan mamayar Beirut a 1982. Abu Ali ɗan ƙauyen Maliha ne a gefen Ƙudus, inda yanzu katafaren kanti da filin ƙwallo suke. Da aka shirya nuna fim ɗinsa a birnin a 2003, sai da aka shigo da shi Abu Ali ɗin a ɓoye.

A ganina, fim ɗin da ya fi kama zuciyar lamarin ba shi da masallaci ko majami'a a tsakiyarsa. A 1980 Amos Gitai, Ba'isra'ile wanda ya karanci zanen gine-gine, ya yi wa gidan talbijin na Isra'ila fim mai suna Bayit, wato Gida. Gida ɗaya ne na dutse a yammacin Ƙudus. Na wani likita Bafalasɗine ne daga zuriyar Dajani, wanda ya bar shi a 1948. Gwamnati ta karɓe shi a matsayin dukiyar wanda ba ya nan, bisa dokar da aka yi a 1950, aka zaunar da Yahudawa 'yan ƙaura daga Aljeriya, daga baya wani malamin jami'a ya saya ya shiga faɗaɗa shi. Magina da masu fasa dutsen Falasɗinawa ne daga Gaɓar Yamma. Gitai bai yi wa kowa huɗuba ba. Ya bar kyamara kan mai sassaƙa dutse yana aiki yana ba da labarin nasa ƙauyen, sannan ya kawo dattijon gidan Dajani ya tsaya yana duban ginin da ake canja wa kama. Gidan talbijin ya ƙi nuna fim ɗin. Gitai ya sake komawa wannan gida da kyamara a 1998, ya kuma komawa bayan wasu shekaru, kowane zuwa da sababbin mazauna da sababbin ma'aikata.

Irin wannan duba bai zama ruwan dare ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Isra'ila na Ƙudus suka karkata zuwa unguwannin masu tsananin riƙo da addini: Kadosh na shi Gitai a 1999, a unguwar Mea Shearim, da Ushpizin a 2004, da shirin talbijin Shtisel daga 2013. Wasunsu aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai mutum zai iya kallon su duka bai san fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazauna birnin Falasɗinawa ne ba. Laifin makanta bai tsaya ɓangare ɗaya ba. A yawancin finafinan Falasɗinawa, Ba'isra'ile soja ne mai baƙin tabarau a bakin shinge, kuma fargabar mai hawa bas a titin Yafa a shekarun ƙunar baƙin wake, irin harin gidan abincin Sbarro na Agustan 2001, ba ta cika samun wuri ba. Bambancin dai shi ne Bafalasɗine ba shi da zaɓin mantawa da sojan, tunda tun daga 1993 mazauna Gaɓar Yamma da Gaza sai da izini suke shiga birnin, kuma daga 2002 aka fara gina katanga.

'Yan shekarun nan an samu waɗanda suka gwada riƙe birnin ta ɓangarorinsa biyu. Muayad Alayan, Bafalasɗine ɗan Ƙudus, a fim ɗinsa na 2018 ya ɗauki labarin soyayyar ɓoye tsakanin wata mai gidan shayi Bayahudiya, matar hafsan soja, da wani mai kai burodi daga gabashin birnin, ya nuna yadda jami'an tsaro na kowane ɓangare suka mayar da abin kunyar gida zuwa shari'ar leƙen asiri. A 2019 kuma aka yi shirin talbijin Our Boys, wanda Hagai Levi da Joseph Cedar da Tawfik Abu Wael suka haɗu suka shirya, kan kisan Muhammad Abu Khudair, yaron unguwar Shu'afat ɗan shekara 16 da wasu Yahudawa masu tsattsauran ra'ayi suka ƙone a Yulin 2014, bayan kashe wasu matasan Isra'ila uku a Gaɓar Yamma. Firaministan Isra'ila Netanyahu ya kira shirin na ƙin jinin Yahudawa, ya nemi a ƙaurace wa tashar da ta shirya shi.

Sauran zancen na kuɗi ne da wurin kallo. Yammacin birnin yana da cibiyar finafinai da Lia van Leer ta kafa, wadda ke fuskantar ganuwar tsohon birni, da bikin finafinai na shekara-shekara tun 1984, da makarantar fim ta Sam Spiegel tun 1989, da asusun tallafa wa masu ɗaukar fim a birnin tun 2008. Bafalasɗine mai takardar zama ɗan Isra'ila kan iya neman kuɗin gwamnati, amma akwai sharaɗi a bayansa. Da Suha Arraf ta yi wa fim ɗinta rajista da sunan Falasɗinu a bikin Venice na 2014, hukumomin Isra'ila suka nemi ta maido da kuɗin da aka ba ta. Saura kuwa sai su nemi tallafi a Turai da ƙasashen Larabawa.

Gabashin Ƙudus ta taɓa samun gidajen sinima uku: Al-Quds da Al-Hamra da Al-Nuzha. Al-Nuzha ta zama gidan wasan kwaikwayo na Hakawati a 1984, sauran biyun aka rufe su a zamanin Intifada ta farko, wadda ta ɓarke a 1987. Sai a 2012 aka sake haska fim a ginin Al-Quds, bayan cibiyar al'adu ta Yabous ta gyara shi. A Yulin 2020 'yan sandan Isra'ila suka kai samame cibiyar, suka kwashe takardu, suka tafi da shugabarta don tambayoyi kan zargin kuɗaɗe, zargin da cibiyar ta musanta.