Waiwaye: Inda baƙo ke ganin aikin hannu a Argungu

Matafiyin da ya saba da ƙananan gidajen baje zane-zane na Legas ko Abuja, irin waɗanda mutum ɗaya ke buɗewa da kuɗin aljihunsa, in ya sauka Argungu ya tambayi makamancinsu, Gidan Tarihi na Kanta za a nuna masa. Abin yana da asali.

A ƙasar Kabi ba a yin aikin hannu don a rataye a bango a tsaya kallo. Maƙeri mayaƙi yake ƙera wa takobi, baduku ya ɗinka masa kube da laya, mai zanen ƙwarya kuwa kayan jeren amarya yake ƙawatawa. Abin da ya fi kyau, fada yake ƙarewa. Shi ya sa da sarki ya koma sabuwar fada a 1942, tsohuwar ce ta zama ma'ajiya, aka buɗe ta ga jama'a ranar 1 ga Yuli, 1958, da sunan Muhammadu Kanta wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Ga masu, ga kwari da baka, ga tambura da layun yaƙi. Kaburburan sarakuna ma suna ciki, don haka ba wurin cinikin zane ba ne.

A 1958 ɗin nan dai ɗaliban zane a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu. Arewa ta koyar da su, amma da suka gama Kudu suka nufa, inda aka buɗe kulob ɗin Mbari na marubuta da masu zane a Ibadan a 1961, kuma can masu saye suke.

Babbar kasuwar masu sana'a a Argungu ita ce bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Sai dai 'yan kwanaki ne, kuma an yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. A ganina gurgun tsari ke nan: ba a riƙe iyali da cinikin kwana huɗu. Sauran shekara, baƙon da ke son sayen wani abu sai ya bi baduku rumfarsa, ya zauna a tabarma, a yi tayi a yi albarka.