Mene ne mitiridatizim?

Mitiridatizim shi ne mutum ya riƙa shigar da guba jikinsa kaɗan-kaɗan, yana ƙara yawanta sannu a hankali, domin jikin ya saba har ta daina yi masa illa. Sunan ya fito ne daga Sarki Mitiridatis na shida, wanda ya mulki ƙasar Fontus a gaɓar Bahar Aswad, arewacin Turkiyya ta yau, daga shekara ta 120 zuwa ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da guba aka kashe mahaifinsa, shi ya sa ya tashi da tsoron abin da za a zuba masa a abinci. Marubutan tarihi na zamanin da sun ce bayan Romawa sun ci shi da yaƙi, ɗansa kuma ya juya masa baya, ya sha guba don ya mutu amma ta ƙi kama shi, sai da ya sa wani sojansa ya kashe shi da takobi.

Labarin na da daɗin ji, amma guba iri-iri ce, kuma ba kowacce jiki ke sabawa da ita ba.

Dafin maciji yawancinsa sinadaran furotin ne. Idan ɗan kaɗan ya shiga jini, garkuwar jiki tana gane shi, ta ƙera ƙwayoyin da za su maƙale masa su karya lagonsa. A kan wannan aka gina allurar saran maciji tun zamanin Albert Calmette na Faransa a shekarun 1890: a riƙa yi wa doki allurar dafi kaɗan-kaɗan na tsawon watanni, a ɗebi jininsa, a tace, a fitar da makarin. Akwai mutanen da suka mai da kansu dokin. Bill Haast na Amurka ya fara yi wa kansa allurar dafi a 1948, macizai suka sare shi fiye da sau 170, ya kuma kai shekara 100 kafin ya rasu a 2011. Sai dai yatsunsa sun nakasa, kuma garkuwar tana raguwa da zarar an daina allurar.

Dalma da zaiba kuwa ba haka suke ba. Garkuwar jiki ba ta ƙera musu makari. Taruwa suke yi, dalma a ƙashi, zaiba a ƙoda da ƙwaƙwalwa, ta yau ta hau kan ta jiya. Mai shan su kaɗan-kaɗan kashe kansa yake yi a hankali.

Giya da ƙwayoyi irin su mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, suna tsakiya, kuma a ganina nan ne yaudarar ta fi yawa. Hanta tana ƙara saurin narkar da giya, ƙwaƙwalwa tana rage jin ta, mashayi ya ga ya daina buguwa da wuri, alhali hantar tana ci gaba da lalacewa. Mai shan mofin ma idan ya yi makonni bai sha ba, sabawar da jikinsa ya yi tana gushewa. Idan ya koma kan adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa.